Littattafan Kakanka

Boɗinga,
Cikin kaka.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Zuwa ga ɗana Malami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fata ka sauka Zariya lafiya, ka sami wurin kwana da abokan zama na kirki. Allah shi tsare ka a zamanka da fitarka, shi raba ka da ciwo da mugun aboki, shi maido mana da kai cikin ƙoshin lafiya. Mu nan kowa ƙalau, sai godiya.

Ranar da ka tafi ka ga na tsaya bakin zaure ban yi kuka ba, har Goggonka Kulu tana cewa zuciyata ta bushe. Ba bushewa ba ce. Da ka sha kwana tare da mahaifinka kuka nufi tasha, sai na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka daga wuyana. Na koma ciki na dama fura na sha, na shimfiɗa tabarma na yi barcin rana irin wanda rabona da shi tun kafin a tafi da mahaifinka. Yana gida, gero ya nuna, kai kuma ka kama hanyar karatu. Me zan yi wa kuka?

Labarin gida mahaifinka zai rubuto maka. Ni maganar karatu zan yi da kai, kuma a takarda, domin kai ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu, ba na iya zaunar da kai in yi doguwar magana. Za ka shiga inda littattafai suka fi na duk ƙasarmu yawa. Ni ma cikin littattafai na tashi, kuma na yi kurakurai da su. Gara in faɗa maka da kaina, ko ka tsallake wasu.

Kakanka Malam, wanda ka ci sunansa, ba ka riske shi da wayo ba. Malami ne a Horo Birni, yana da gona da 'yan shanu, da ɗaki guda wanda babu komai cikinsa sai littattafai cikin gafaka, wato jakar fata, a rataye. Mu biyu muka rayu a 'ya'yansa, ni da ƙanena, Kawunka Sambo. Sambo hankalinsa na wurin dabbobi, da ƙyar ya yi sauka. Ni kuwa in ɗalibai sun taru a zaure sai in laɓe bayan zana ina saurare. Da Malam ya lura, ya fara ba ni karatu bayan la'asar. Muka bi na ibada, muka bi na harshen Larabci, sannan ya shigar da ni littattafan gyaran hali, har da mantiƙi, wato ilmin auna magana a gane mai ƙarfi da mai rauni. Ya gaya mini cewa wani sashe na wannan hikima daga mutanen dā ƙwarai ya fito, masu dogon tunani na wasu ƙasashe, malamanmu suka tankaɗe shi suka riƙe mai kyau.

Ina da saurin hadda, kuma na san ina da shi. Nan kuskurena na fari yake. Na ɗauka wanda ya haddace ya sani.

Wata rana muka karanta babin fushi. Abin da marubucin yake nufi shi ne, ba a son a kashe fushi gaba ɗaya, domin wanda ba ya fushi ko kaɗan ba zai kare mutuncinsa ba, wanda kuma fushi ya yi wa yawa ba ya tare da hankalinsa, alheri yana tsakiya. Na biya wa Malam babin daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Na fito ina jin kaina. Ina shiga tsakar gida sai ga akuyar Sambo ta sa baki cikin geron da na surfa na shanya. Ban san lokacin da na sunkuci taɓarya na wurga mata ba. Ƙafar baya ta karye, akuya ta faɗi tana kuka, Sambo ma ya fasa nasa.

Malam ya fito, ya dubi akuya, ya dube ni.

Ya ce, "A'i, wane babi munka karanta yanzu?"

Na ce, "Babin fushi, Malam."

Ya ce, "To, ashe ba mu ƙare shi ba."

Bai buge ni ba. Ya aika aka kira mai ɗori, ya sa ni na riƙe akuyar ana ɗaure mata kara tana fizga. Ya ce ni zan riƙa ba ta dusa da ruwa, kuma ba za mu buɗe sabon shafi ba sai ta taka ƙafar. Kullum in na zo da la'asar, wannan babin dai zai sa in sake karantawa. Har na tsane shi. Amma kafin akuyar ta miƙe na fara gane abin da ke tasowa a ƙirjina kafin hannuna ya motsa, kuma wannan ganewar ita ce karatun.

Saboda haka, Malami, can za a tambaye ka abin da ka riƙe a ka, a ba ka maki. Ka riƙe, ka ci jarrabawarka. Amma duk ranar da ka karanta wani abu game da yadda mutum ya kamata ya zauna da mutane, ka sa ido, domin sau da yawa kafin rana ta faɗi za ka gamu da wurin da ake bukatarsa, a layin abinci ko a ɗakin kwana. Littafin hikima ba a gaggawa da shi. Shafi ɗaya da ya canza yadda ka amsa wa mutum ya fi maka littafi guda da ka iya ba da labarinsa.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsada. An kawo ni Boɗinga, mahaifinka a lokacin malamin firamare ne, shi ya koya mini wannan rubutun boko da nake yi maka. Kana goye Malam ya rasu. Da aka zo rabon gado, Sambo ya ce a bar littattafan a zauren Horo Birni, ɗaliban Malam su ci gaba da zuwa suna ara kamar yadda suka saba. Ni kuma ina son su. Ina ganin ni na sha wahalar karatunsu, ni na san darajarsu.

Dattawa suka taru, ni ina daga bakin ƙofa cikin mayafi. Sai na ɗauko mantiƙin da Malam ya koya mini na ɗana wa ƙanena tarko. Na tambaye shi ko ya yarda abu ya fi dacewa da hannun wanda zai amfana da shi. Ya ce ya yarda. Na ce ko ya yarda ba a amfana da littafi sai an karanta. Ya ce haka ne. Sai na zaro takarda guda daga gafaka na ce a miƙa masa ya karanta wa dattawa layi ɗaya. Ya karɓa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙo ta da hannu biyu.

Ya ce, "Yaya, ɗauki abinki. Kin fi ni magana."

Na ɗauka na ci nasara. Daga ranar, tsakanina da Sambo sai gaisuwar salla da ta mutuwa. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, ya dai daina zuwa, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa.

Ka duba da kyau, ɗana. Duk tambayoyin da na yi masa daidai suke, amma gaskiya tana wurinsa. Shi bai iya tsara ta ba ne kawai. An koya mini auna magana don in gano gaskiya, ni kuma na yi amfani da shi don in kayar da mutum. A inda kake za ka sami samari masu kaifin baki, za a yi ta gardama kan addini da mulki da komai. Ka shiga, gardama tana wasa hankali. Amma kafin ka ba mutum amsa, ka fara tambayar kanka ko akwai gaskiya a maganarsa wadda shi ya kasa fito da ita, in akwai ka taya shi fito da ita. Kuma kada ka taɓa miƙa wa mutum abin da ka san ba zai iya ba a gaban jama'a. Ni na ga fuskar wanda aka yi wa haka, kuma ɗan'uwana ne.

Littattafan kuwa, na sa aka yi mini babban akwatin katako, na jera su ciki, na kulle, na tura shi lungun ɗaki na ɗora kwalla da tasoshi a kai. Ɗaliban Malam sukan zo daga Shagari da ƙauyuka su yi sallama su ce a ara musu kaza. In aika a ce musu ba ya kusa. Tsoro nake kada su yage ko su ɓace. Ni kaina da hidimar goyo da girki sai na rage buɗewa, ina cewa ai suna nan, kuma ai na haddace.

Sai zamanin siyasa ya zo. Kai kana makarantar kwana a lokacin, ba ka ga rabin abin ba. Da mulki ya koma hannun farar hula, kuma ragamar ƙasa ta faɗo wajenmu, hanyar Shagari ba ta rabuwa da motoci. Kowa ya zama mai wani a sama. Mahaifinka ya riga ya zama hedimasta, mutane sun san shi da riƙon amana, sai manyan gari suka zo suka ce ya bar makaranta ya karɓi kujera a ƙaramar hukuma, ya kula da rabon taki da kayan noma. Bai amsa musu ba. Ya shigo ɗakina da hantsi ya zauna bakin gado, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Ɗiyar Malam, ba ni shawara. Ni dai zuciyata tana aji. Ban san wanga aiki ba, kuma ban san mutanen da ke cikinsa ba."

Na san abin da littattafan suka yi ta gargaɗi a kai, cewa son girma ya fi son dukiya iya ɓuya a zuciya, kuma mutum ya fi zama lafiya a aikin da ya iya. Na san wannan sarai. Amma na ga matan da mazansu suka shiga, na ga leshi da mota, na ji yadda ake gaishe su. Sai na shiga cikin karatuna na tsince abin da ya dace da son raina. Na ce masa malamai sun yi bayani cewa in mutanen kirki suka guje wa shugabanci, miyagu za su riƙe shi, kuma wanda aka nema bai nema ba ana taimakonsa. Na kawo hujja bayan hujja. Ya saurara, ya mai da hularsa, ya ce, "To, tunda ke kin gani."

Maganar da na faɗa ba ƙarya ba ce. Amma ba don gaskiyarta na zaɓe ta ba. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk takardar nan. Ilmi yana da faɗi, duk abin da zuciyarka ta riga ta so, za ka sami layin da zai goya maka baya. Jahili in ya bi son ransa ya san son rai ya bi. Mai karatu kuwa sai ya sa masa riga ya kira shi hujja. In ka ga hujja ta zo daidai da abin da kake kwaɗayi, ka dakata, ka koma ka nemo wadda ta saɓa mata, ka zauna da ita ita ma. Kuma in wani ya zo neman shawararka, ka ba shi duka biyun, ka gaya masa inda naka son yake.

Gida ya cika. Mata suna shigowa tun safe suna "Allah shi ja zamanin Hajiya," ni da ko jirgi ban taɓa gani kusa ba. Matan unguwa da nake koya wa karatu da hantsi na sallame su, na ce sai an sami sarari. Mahaifinka bai ɗauki abin kowa ba, wannan na shaida, kuma yanzu hukuma ma ta shaida. Amma yana zaune cikin mutanen da bai san halinsu ba, kullum yana dawowa a gajiye, ba ya dariya.

Sauran ka sani, domin ka dawo gida ka tarar. Soja suka karɓe mulki. Kaya suka yi tsada, sabulu da shinkafa sai an bi layi. Damina ta zo ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Aka kafa bincike, aka kwashi waɗanda suka riƙe kujeru aka kai Sakkwato aka tsare, har da mahaifinka. Masu ja mini zamani ban sake ganin ko ɗaya ba, sai Goggonka Kulu da ta kwaso kayanta ta dawo wurinmu.

Abin da ba ka sani ba shi ne yadda na zama a watannin farko, domin ina ɓoye muku. Ba na iya cin abinci. Na bi gidan duk wanda aka ce yana da hanya, ina durƙusa wa mutanen da ba su san sunana ba. Har wurin masu duba na je, ni ɗiyar Malam. Haddar da nake taƙama da ita na neme ta na rasa, kalmomin suna nan amma ba sa shiga ko'ina. Wata safiya bayan kun fita, na ce bari in koma ga littattafan. Na sauke kwalla, na jawo akwati, na ji ba shi da nauyi kamar da. Na buɗe.

Gara ta shiga ta ƙasa. Na kawar da na sama, na ɗaga gafakar da ke ƙarƙashinsu sai ta marmashe a hannuna. Ƙasa ce ja ta yi hanyoyi cikin takardu. Littattafan da Malam ya kwafa da hannunsa tun yana saurayi, da bayanin da yake rubutawa a gefe da jar tawada, duk sun zama gari. 'Yan kaɗan na sama ne suka tsira, su ma an ci gefensu. Na zauna a ƙasa ban motsa ba har aka kira azahar. Na hana ɗalibai don kada takarda ɗaya ta yage, ga shi na ciyar da gara duka.

A makon nan ne Sambo ya zo. Ya ji an tsare mahaifinka, ya ɗoro tsohon gero daga rumbunsa a kan jaki, tun daga Horo Birni, alhali shanunsa suna faɗuwa saboda rashin ciyawa. Ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna daga nesa kamar baƙo.

Ya ce, "Yaya, ya haƙuri? Ga ɗan abin da anka samu, a yi ma yara kunu."

Na tashi na jawo akwatin na buɗe a gabansa. Ina so ya faɗa, domin yana da hakkin ya faɗa. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya taɓa garin takardar.

Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam." Can kuma ya ce, "Yaya, bar kuka. Ba duka sunka tafi ba. Malam Buhari na Dandin Mahe, ai tun Malam na da rai yake ara yana kwafewa. Wasu ma suna hannunsa ba a maido ba. Shirya in kai ki."

Malam Buhari babban ɗalibin kakanka ne, kuma yana cikin waɗanda na sa aka ce wa littafi ba ya kusa. Na tafi ina jin kunya kamar in nutse. Ya tarbe mu, iyalinsa suka kawo ruwa, Sambo ya yi masa bayani. Dattijon ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da gafaka rungume a ƙirji, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Na gidanku ne, Ɗiyar Malam. Ɗauki wanda kike so, in kin ƙare ki maido ki ɗauki wani. Haka munka saba da Malam."

Ka ga, abin da aka ba da aro shi ya rayu. Saboda haka in ka mallaki littafi, ka karanta shi, ka ara wa wanda ya nema, ko da zai dawo da miya a jikinsa. Kuma ka ɗaga naka daga ƙasa, ba na wasa.

Na koma gida da littafin gyaran hali, wanda na haddace ina budurwa. Na yi mamaki, Malami. Kamar ban taɓa ganinsa ba. Da can ina karanta babin baƙin ciki ban san baƙin ciki ba. Yanzu kowane layi kamar da ni ake. Abin da ya tsayar da ni shi ne inda aka yi bayani cewa mai hankali yakan raba damuwarsa gida biyu, abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Na farko ya tashi ya yi, na biyu ya bar wa Mai shi. Magana ce da kowace tsohuwa za ta iya faɗa maka, amma ni sai a ranar na zauna na yi rabon da gaske. Sakin mahaifinka ba ya hannuna. Ruwan sama ba ya hannuna. Bakin mutane ba ya hannuna. Amma abincinku yana hannuna, da sallata, da harshena, da abin da zan aika wa mahaifinka, da matan da na sallama.

Na daina yawon gidajen manya. Sambo ya nemo mana ɗan wuri a fadama muka sa albasa, kai ma ka sha ban ruwa, ba sai na tuna maka ba. Na aika wa matan unguwa cewa karatu ya dawo. Na zaci yunwa za ta hana su, sai suka zo fiye da da. Mukan karanta rabin shafi, in fassara, sannan a yi ta magana, kuma a nan ake jin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a san yadda aka yi. Ba zan ce maka tsoro ya tafi ba. Yana nan, amma ya daina jan ragamata. Na koma cin abinci.

Littafi bai buɗe ƙofar da aka kulle mahaifinka ba, kuma bai sauko da ruwa ba. Kada wani ya ce maka karatu yana hana masifa. Abin da ya yi mini shi ne ya hana ni lalacewa kafin masifar ta wuce. Don haka ka yi karatun irin wannan tun kana cikin sauƙi, kuma littafin da ka ga yana da nauyi kada ka ce ka gama shi. Ka koma masa bayan shekaru, za ka tarar ya ƙaru.

Yanzu sai maganarka. Ka tuna da bazara, da aka ce ka sami gurbin karatu, ka shigo ina tankaɗe ka tsaya a kaina ka ce ba za ka je ba, motar albasa za ka bi zuwa kudu ka kama kasuwanci.

Ka ce, "Inna, mi karatu ya yi muna? Baba ya yi boko, ga shi a tsare. Malam ya tara littattafai, gara ta cinye. Ni dai in nemo abin da za mu ci."

Wallahi amsa tana bakina, a jere, da na sake ta da ba ka sami ta cewa ba. Kuma da ka tafi, domin na san halinka, ba a kayar da kai ka zauna. Na haɗiye. Na ce maka na ji, kuma akwai gaskiya a maganarka, amma kafin ka tafi ka kai wa mahaifinka ƙuli da garin kunu da littafin nan da na aro wurin Malam Buhari, ka yi masa sallama. Kada ka ɗauka dabara na shirya. Ban san abin da za ka gani ba. Lokaci kawai nake nema.

Ka dawo da yamma ka wuce ɗakinka. Sai bayan kwanaki, muna cire albasa, ka ce ka tarar da shi a inuwar katanga, ya tara waɗanda aka tsare su tare, har da wani mai gadi, yana rubuta musu baƙaƙe a ƙasa da gawayi. Ka ce ya rame, amma yana dariya irin wadda ka manta yana da ita, kuma ya ce maka nan ma aji ne. Ban tambaye ka maganar mota ba, kai ma ba ka sake tayar da ita ba. A ranar na yi sujada a bakin rijiyar fadama, kana tsammanin ƙaya nake cirewa.

Ranar da aka sake shi kana gona wurin Kawunka, bari in ba ka yadda aka yi. Ana ruwa tun safe, irin mai sauka a hankali wanda ƙasa take shanyewa. Muna rumfa da mata muna karatu, sai muka ji Kulu ta rangaɗa guɗa a zaure. Na fito ba ko mayafi. Ga shi tsaye, sharkaf, riga ta yi masa yawa, ya rungume wani abu a ciki. Littafin Malam Buhari ne ya sa a ƙarƙashin riga kada ya jiƙe. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗiyar Malam, a maida ma mai shi, a ce na gode. Sun bincika ba su sami komai ba. Akwai kunu?"

Na ce akwai. Na zauna nan cikin ruwa ina dariya ina hawaye, mata suna ta barka. Da ya huta na nemi gafararsa a kan shawarar da na ba shi. Ya ce in bar wannan, shi ma yana da kunne kuma yana da nasa son, ba a ɗaure aka kai shi ba. Ya ce abu ɗaya ya sani, aji zai koma ko da ba hedimasta ba. Jiya na leƙa na gan shi yana goge allo na katako da ya samo, yana waƙa ƙasa-ƙasa.

To, ka ji. Kada bokon da za ka yi ya sa ka raina gafakar kakanka, kada kuma gafakar ta sa ka toshe kunne ga abin da za a koya maka can. Gaskiya duk inda ta fito ka auna ta, in ta tsaya ka karɓa. Ka ci abinci a kan lokaci, na san ka in ka sa kai a takarda. Ka riƙe salla. Ka nemi aboki wanda zai iya ce maka ka yi kuskure. In ka rubuto, ka sa gaisuwar Kawunka daban, da sunansa, ni zan karanta masa.

Sannan ina da roƙo. Mahaifinka ya ce a babban ɗakin karatu na makarantarku akwai littattafan mutanen dā ɗin nan masu dogon tunani, cikakku, da Turanci. Ni gutsattsarinsu kawai na sani, ta bakin malamai. In ka sami sarari ka nemo ɗaya ka karanta a hankali. In ka zo hutu, bayan la'asar, zan shimfiɗa maka buzu, ni in zauna a tabarma, ka mai da mini shi Hausa. Inda ban gane ba zan tambaya, inda ban yarda ba zan faɗa. A wannan zaman babu kunya tsakaninmu, kai ne malam.

Mahaifinka yana sa maka albarka. Kawunka Sambo da Goggonka Kulu da ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah shi buɗe maka ƙirji, shi ba ka ilmi mai amfani da halin da zai ɗauke shi. Allah shi kiyaye ka a hanya da masauki, da rana da duhu, shi haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
A'ishatu.